Laftof ɗin da Na Sayar wa Baba Ɗaga-Murya

Shagona yana layin masu gyaran kwamfuta, na huɗu idan ka shigo daga bakin titi, jikin shagon wani mai sayar da caja da muke kira Dogo. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran laftof a wurin, ina kuma sayar da na hannu. Mutane da yawa sun shigo sun fita, wasu na manta fuskarsu tun kafin su kai bakin titi. Amma akwai wani tsoho da ake ce wa Baba Ɗaga-Murya, wanda ba na yin kwana biyu ban tuna da shi ba, kuma ba tunanin daɗi ba ne.

Kunnensa ne ya jawo masa sunan. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga aiki a wata babbar masaƙa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ya fara da sharar auduga a ƙarƙashin injuna, ya ƙare a makanikin sashen saƙa, shekara ashirin da bakwai cif. Ya ce mini a ɗakin saƙa inji ɗari biyu ke bugawa a lokaci guda, mutum ko tarin kansa ba ya ji, da hannu ake magana da motsin leɓe. Idan aka tashi aiki sai ka ga ma'aikata suna tafiya gida suna ta yi wa juna ihu a titi kamar za su daku, alhali hira suke yi. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana da arba'in. Na dama ne ya rage kaɗan, shi ya sa ko me ka ce masa sai ya karkato da kai, ya tare bayan kunne da tafin hannu, ya ce, "Ɗaga murya, ɗana."

Da aka rufe masaƙar, ƙungiyar ma'aikata ta ce za ta kai ƙara saboda kunnuwan da suka mutu da ƙirazan da ƙurar auduga ta cinye. Lauya ya ce yana son shaida daga bakin kowa. Aka samo wata 'yar rakoda da ba ta wuce tafin hannu ba, irin wadda ake zura wa ƙaramin faifai mai gidan roba, aka ce wa zai ɗauki aikin. Baba ya ce shi. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai an rasa wanda za a ba aikin sauraro sai kurma. Ya ce musu ai shi ya fi dacewa, tunda ba zai katse wa kowa magana ba.

Wata goma sha huɗu ya yi yana bin gidaje a kan keke. Ya zauna a tsakar gida, ya zauna a gefen gadon asibiti, ya zauna a bakin shagon wanda ya koma facin taya. Sai ya ajiye makirufo a kan kujera, ya danna, ya yi wa mutum alama da hannu ya fara. Mutum ɗaya, faifai ɗaya. A jikin kowane faifai ya rubuta suna, da sashen da mutum ya yi aiki, da shekarun da ya yi. Mutanen ba maganar ciwo kaɗai suka yi ba. Wani ya ba da labarin ranar da aka haifi ɗansa yana bakin inji, wata ta yi waƙar da suke yi a sashen kaɗi, wani ya zagi wani shugaban sashe da ya mutu tun da daɗewa har faifan ya ƙare. Da ya gama, faifai ɗari da sittin da uku ne a hannunsa.

Shari'ar ba ta je ko'ina ba. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, lauyan ya samu aiki a wani gari, shugaban ƙungiya ya rasu, ofishin ƙungiya ya koma shagon katifa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a kawo shaidar. Baba ya jera faya-fayan a kwalin sabulu, ya naɗe da leda, ya tura ƙarƙashin gado. Shi kuma ya kafa tebur a ƙofar gidan hayar da suke, yana gyaran keken ɗinki. Da haka ya ciyar da gida, da haka 'yarsa ɗaya tilo ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Shekaru suka ja, mutanen cikin kwalin suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana wani direban babbar mota ya yi sallama, ya ce mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara shida, mahaifiyarsa ta ce muryarsa tana wurin Baba. Baba ya ciro faifan, ya sa masa iyafis a kunne, ya koma kan keken da yake gyarawa. Ƙaton mutum ya zauna a kan kujerar roba awa guda yana kallon bango, hawaye na bin gemunsa. Daga nan labari ya bazu. 'Ya'ya da jikoki suka fara zuwa, kowa ya saurara sai ya ce, "Baba, ba za a sa mini a waya ba?"

Akwai wata tsohuwar laftof baƙa mai kauri da ta rage masa daga kayan ƙungiya. Wani malamin makaranta maƙwabcinsu ya nuna masa yadda ake yi: a jona waya daga rakoda zuwa wani rami mai shuɗin baki a gefen laftof ɗin, a danna jan maɓalli a kan allo, a kunna faifai a bar shi har ya ƙare. Babu gajeriyar hanya, faifan awa ɗaya sai ya ci awa ɗaya. Ya yi guda tara, sai aka kawo wuta da ƙarfi wata safiya laftof ɗin ta yi ƙauri ta mutu.

A nan ne ya zo wurina, shi da 'yarsa, ita da fararen kayan aikinta, da alama daga asibiti ta biyo. Ya ajiye laftof ɗin a kan teburina a hankali kamar mai ajiye jariri. Na kwance ta. Cikinta ya ƙone, ma'ajiyarta kuma da na jona a wata kwamfuta sai ƙas-ƙas take yi, ba ta buɗewa.

Na ce, "Baba, wannan ta tafi. Da abin da ke cikinta."

Ya karkato. Na maimaita da ƙarfi. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Tara ne kawai. Faya-fayan suna nan. A ba ni wata wadda za ta yi magana da wannan." Ya ciro rakodar daga aljihun gaba, a naɗe cikin hankici.

Na karɓa na duba. Duk fentinta ya goge a wurin da babban yatsa ke dannawa. Da na zura faifai sai ta yi ƙyat, ta yi ƙyat, sai a karo na uku ta karanta. Na san wannan ciwon. Akwai wani ɗan ido a ciki da ke haska faifai yana karantawa, idan ya tsufa ba a gyara shi, kuma an daina ƙera shi tun ina makarantar firamare.

Na ce masa, "Idonta ya gaji, Baba. Kada ka riƙa kunna ta barkatai."

Ya ce, "Duk mun gaji. Sau ɗai-ɗai zan bi su, daga nan ta huta."

Na sauko da laftof uku. Ta farko tsohuwa ce mai kauri, 'yar'uwar wadda ta mutu, tana da ramin nan mai shuɗin baki wanda aka yi musamman don shigar da sauti daga wata na'ura. Amma murfinta ya karye a gefe ɗaya, batirinta kuma ya mutu murus, idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar faifai aikin ya lalace. Ta biyu matsakaiciya ce, allonta yana da layi. Ta uku siririya ce, kusan sabuwa, batirinta yana awa biyar, amma rami ɗaya tak gare ta na sauti, wanda aka yi don iyafis mai makirufo irin na waya.

Baba ya sa hannu a kan mai kaurin. Ya juya ta, ya ga shuɗin ramin, fuskarsa ta saki. "Ga shi nan," in ji shi. "Wannan na sani."

'Yarsa ta sunkuya kusa da kunnensa na dama. "Baba, ba za mu sayi gawa ba. Dubi murfinta. Wutar unguwarku kuma ka san halinta." Ta juyo gare ni. "Malam, wannan siririyar ba za ta yi ba?"

Na san amsar gaskiya. Amsar ita ce: ita kaɗai ba za ta yi ba, sai an haɗa mata da wani ɗan akwatin sauti da ake sokawa a ramin filashi. Ina da irinsa guda ɗaya a kan tebur, da shi nake gwaji, kuma a lokacin babu shi a duk layinmu. Amma siririyar ta yi wata huɗu a kan kanta ba wanda ya taya, ga kuma mai saye a tsaye da jaka a buɗe. Na ce, "Za ta yi, Anti. Bari ki gani."

Na jona ɗan akwatina, na jona rakodar, na danna. Muka bar shi ya yi minti huɗu, na tsayar, na kunna. Muryar wata mata ta fito tas, tana cewa hannunta ya yi shekara goma sha biyu bai rabu da shuɗin rini ba, har 'ya'yanta suna tsammanin haka aka haife ta. Dogo ya leƙo daga shagonsa yana dariya. 'Yar Baba ta yi murmushi. Baba bai ji ba, amma ya ga fuskokinmu, ya ga koren layi yana tsalle a kan allo, ya ce, "To, shi ke nan. Ku kuka san zamani."

Da za a naɗe kaya sai na zare akwatina na mayar aljihun tebur. Na ɗauko wata 'yar waya mai kai biyu da ake raba rami ɗaya da ita, na ce a raina wasu laftof ɗin suna karɓa. Na soka, na kunna rakodar, na ga koren layi yana motsi. Ban saurara ba. Kasuwa ta cika da hayaniya, janaretan maƙwabci na ruri, wani mutum yana tsaye a kaina tun ɗazu yana jiran in canja masa allo. Na nuna wa Baba inda zai soka, na rubuta masa matakan a takarda da manyan baƙaƙe, suka tafi.

Abin da ya faru a gida, matarsa ce ta ba ni labari daga baya. Ya ture aikin kekuna gefe. Ya kafa ƙaramin tebur a ɗaki kusa da taga, ya jera faya-fayan bisa sashe. Biyu da safe, biyu da yamma. Ta ce da farko tana tafiya da sanɗa kada ta ɓata masa aiki, sai ya ce mata, "Yi harkarki, ta waya yake bi, ko ganga kika buga ba zai shiga ba." Sai ya zura faifai, ya danna, ya zauna yana kallon koren layin har awa ta cika, sannan ya rubuta sunan mai faifan da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Sau ɗaya ya kunna abin da ya ɗauka, ya manna kunne a jikin laftof ɗin, ya ji wani gunaguni kamar na mutum, ya gamsu. Ya hana a ba kowa nasa sai an gama duka, wai kada a ce ya yi son kai. 'Yarsa kuma aiki ya riƙe ta a ɗaya gefen gari, ta waya take tambayar mahaifiyarta, ana ce mata aiki na tafiya.

Sati shida ya yi a haka. A kan faifai na ɗari da hamsin da biyu rakodar ta yi ƙyat, ta yi ƙyat, ba ta sake karantawa ba.

Ya kawo mini ita da kansa. Na buɗe, na goge idon, na gwada duk dabarar da na sani, shiru. Na ɗauka zai damu, sai na ga yana fara'a.

"Ta yi ƙoƙari," in ji shi. "Sha biyu kawai suka rage. Su ma Allah zai kawo hanya." Ya dafa kafaɗata ya juya wajen Dogo. "Wannan yaron ya san aikinsa. Mutum ɗari da hamsin da ɗaya ya fitar daga kwali."

Na ji daɗin yabon. Har na raka shi bakin titi na tsayar masa da mota.

Ranar hutun 'yarsa aka fara rabo. Ta farko wata tela ce, wadda mahaifiyarta ta yi aiki a sashen kaɗi, ta rasu shekara tara da suka wuce. Aka tura mata a waya. Ta ce ba za ta saurara a gaban mutane ba, sai ta je gida ta rufe ƙofa. Washegari da sassafe ta dawo, ta ce babu mahaifiyarta a ciki, babu kowa, sai ƙarar fanka da tarin wani tsoho. Baba ya fusata, ya ce wayarta ce ta lalace, wayoyin yanzu duk na banza ne. 'Yarsa ta kunna a laftof ɗin, ta saurara na ɗan lokaci, sai ta ce ya sa takalmi su je kasuwa.

Da na ga fuskarta daga nesa na san ba lafiya ba. Ta ajiye laftof ɗin ta ce, "Saurara."

Na sa iyafis na buɗe na farko. Fanka tana juyawa. Can nesa ruwa yana zuba a bokiti. Kujera ta yi ƙara. Sai tari, mai zurfi, irin na ƙirjin da ya sha auduga. Na tsallaka tsakiya, na ji muryar mace tana cewa, "Ka sha maganin?" ba a amsa ba, ta sake faɗa da ƙarfi. Na rufe na buɗe wani. Fanka, rediyon maƙwabta, kaza. Na buɗe na uku, na goma, na tsallaka can ƙasa. A wani na ji muryar Baba kusa sosai, yana karanta sunan da ke jikin faifai, sannan ya ce, "Allah ya jiƙanka, ɗan rigima. Yau za ka fita." A wani yana dariya shi kaɗai, yana cewa, "Ke ma kin sha surutu."

Laftof ɗin ba ta taɓa sanin an soka mata waya ba. Da ɗan makirufonta na kusa da kyamara ta yi ta ɗauka. Koren layin da yake kallo sati shida, fanka ce ke motsa shi, da tarinsa. Rakodar kuma ta ƙarar da ɗan sauran ganinta tana karanta mutum ɗari da hamsin da ɗaya cikin wayar da ba ta kai ko'ina ba.

Na cire iyafis. Baba yana zaune yana kallon bakina.

"Me ka ji?"

Na fara bayani, bai ji ba. Na ƙara ƙarfi, mutanen layi suka fara juyowa. Sai na yagi bayan wani kwali na rubuta: Bai ɗauka ba. Ɗakinka ya ɗauka. Ya ciro tabarau, ya karanta, ya sake karantawa.

"Nawa daga ciki?"

Na rubuta: Duka. Sai minti huɗu na ranar da muka gwada a nan.

Ya daɗe yana kallon kwalin. 'Yarsa ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "Ni ce. Shi mai kaurin ya zaɓa, ni na hana."

Na ce, "Ba ke ba ce, Anti. Da akwati na gwada muku, na ba ku waya. Na san ba lalle ta yi ba, kuma ban saurara ba."

A hankali na faɗa. Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa so a sake yi mini ba, ta ce, "Ni kake gaya wa? Gaya masa."

Na juya kwalin na rubuta masa abin da na gaya mata. Ya karanta, ya cire tabarau ya mayar aljihu.

"Tun ranar ka sani?"

Na gyaɗa kai.

"To," in ji shi. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya bi layi yana tafiya a hankali, 'yarsa ta rungumi laftof ɗin ta bi bayansa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na shiga neman rakoda. Na bi shagunan tsofaffin kayan sauti, na tambayi masu ɗaukar biki, na je wurin wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo, ya ce tasu an zubar tun da aka koma kwamfuta. Dogo ya haɗa ni da wani mai shigo da kayan hannu daga waje. Bayan wata uku ya kawo ɗaya, ko kunnuwa ba ta yi. Bayan wata huɗu kuma ya kawo wata, ta kunnu, ta karanta faifan gwaji a karo na biyu. Ban tsaya cin abinci ba, na ɗauki akwatin sautin nan na nufi gidan Baba.

Babu tebur a ƙofar gida. Matarsa ce ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa mai sanyin murya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Ta ce tun ranar da suka dawo daga shagona bai sake taɓa keken ɗinki ba. Mutane suna ta zuwa karɓar muryar iyayensu, tunda shi da kansa ya aika musu cewa an gama. Da farko yana fitowa ya yi bayani, daga baya ya ce a riƙa cewa ba ya nan. Wasu sun fahimta. Wasu kuma suka fara yaɗa cewa sayar da muryoyin ya yi wa wasu baƙi, shi ya sa yake ɓuya. Wannan maganar ta kai kunnensa, ta ce, duk rashin jinsa wannan kam ya ji ta.

Na same shi a ɗaki a zaune a bakin gado, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na nuna masa rakodar. Ya karɓa ya jujjuya, ya miƙo mini. Na rubuta masa cewa ita ma tsohuwa ce, ban san faifai nawa za ta iya ba, ya zaɓi waɗanda za a fara da su.

Ya girgiza kai. "Ba ni zan zaɓa ba. In ce wane ya fi wane? Ɗauki na sama."

Na jawo kwalin na ɗauki na sama. A wannan karon iyafis bai bar kunnena ba daga farko har ƙarshe. Wani mutum ne daga sashen gugar yadi, mai in'ina, yana ba da labarin yadda inji ya cinye masa yatsu biyu aka ba shi hutun kwana huɗu. Ya fito tas. Na yi na biyu, na yi na uku. Washegari na rufe shago na dawo, na yi na huɗu da na biyar. A kan na shida, minti goma sha ɗaya da farawa, muryar ta fara tsalle, ta tsaya. Na fitar na mayar, na bar ta ta huce, na goge idon. Ba ta sake karanta komai ba.

Na rubuta wa Baba sunaye biyar ɗin a takarda. Ya bi su da yatsa. Ya ce na farko bai bar kowa ba, na biyu iyalinsa sun koma garinsu tun da aka rufe masaƙa, sauran ukun ma bai san inda nasu suke ba. A cikin duk waɗanda suka yi ta sintiri a ƙofar gidansa, babu ɗan ko ɗaya daga cikin biyar ɗin.

"Ka yi ƙoƙari," in ji shi. Ya kwanta ya juya fuska bango. Matarsa ta raka ni ƙofa, ta ce, "Kada ka ƙara kawo wata sai ka tabbata. Duk sanda aka taɓo maganar nan sai ya kwana biyu bai ci abinci ba."

Ban sake ganinsa ba. Bayan wata takwas ƙirjin ya tashi, ya kwana tara a asibitin da 'yarsa take aiki, ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna can baya, ba wanda ya san ni sai su biyu.

Da za su saki gidan hayar, 'yarsa ta zo shago da ɗan dako ɗauke da kwalin sabulun, ta ɗora laftof ɗin a kai. Ta ce mahaifiyarta za ta koma wurinta, ɗaki ɗaya ne da falo, kuma ba ta son ganin kayan nan. Na ce laftof ɗin ai tata ce, lafiyarta ƙalau. Ta ce, "Ka sayar wa wani." Ban sayar ba, kuma ban goge abin da ke ciki ba.

Kwalin yana ƙarƙashin teburina, na canja masa leda. Har yanzu mutane suna zuwa jefi-jefi, maƙwabtan tsohon gidan ne ke turo su, a ce su je wurin mai gyara. Sai in tambayi suna da sashe, in laluba in ciro faifan in miƙa. Yawanci sukan karanta rubutun da ke jiki, su ɗaga shi wajen haske, su tambaye ni ko da gaske yana ciki. In ce yana ciki, abin karantawa ne babu. Wasu su bar lambar waya, wasu su tafi ba sallama. Telar nan ta zo sau biyu. A zuwa na biyu ta ce a ba ta na mahaifiyarta kawai, ko ba za ta taɓa ji ba, ta sa shi a jaka cikin zare da almakashi ta tafi.

Makon jiya mai shigo da kayan ya turo mini hoton wata rakoda, babu murfin batir, kuma ya ce mai ita bai san ko tana aiki ba. Na ce ya kawo.